Fijo 504 Ko Toyota Corolla: Amsa Ga Mai Motar Gado

Wani matashi daga cikinmu ya kawo tambaya cewa mahaifinsa ya rasu ya bar Fijo 504 a garejin gida, ta daɗe a ajiye ba a tayar da ita ba, shi kuma yana bukatar motar zuwa wurin aiki da kai yara makaranta. Abin da yake son sani shi ne, ya zuba kuɗi ya tayar da Fijon, ko kuwa ya sayar da ita ya yi ciko ya sayi Toyota Corolla tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ƙirar 2003 zuwa 2008. Da farko ina yi maka ta'aziyya, ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Na ga ya dace in sa baki ne domin na riƙe motocin nan biyu na tsawon shekaru. Fijo ce motata ta farko, na saye ta da bashin mota na ma'aikata a farkon shekarun 1980, Corolla kuwa ita nake hawa a yanzu, bayan wata Honda Accord da ta shiga tsakaninsu.

Ya kamata ka san irin motar da take garejinku. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta zo ta ɗaya a tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin daji masu laka da ƙura. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motocin Fijo a nan gida. Lokacin ya dace da ƙarin albashin Udoji, kuɗi ya shigo hannun ma'aikata, daga baya kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mayar da ita motar jami'an gwamnati. Saboda haka babban sakatare da shugaban makaranta da direban haya duk mota ɗaya suke hawa, bambancin kawai launi ne da lambar da ke jikinta. An daina ƙera ta a Turai da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har zuwa wajen 2006. Corolla kuwa, ko da yake Japan ta fara ƙera ta tun 1966, ba ta cika titunanmu ba sai bayan da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma sayen ta hannu daga Turai da Amurka, mafi yawa ta tashar Kwatano.

Idan maganar hanya ake yi, ban taɓa hawa motar da ta kai Fijo daɗin zama a kan mummunan titi ba. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna da nisan lotsawa kafin su kai ƙarshe, kujerunta masu taushi ne, kuma da tayoyin baya take ja. Farfelarta ma a cikin wani bututun ƙarfe take, abin da ke kare ta daga duwatsu da kututture. A hanyar garinmu akwai wani rafi da ake tsallakawa ta cikin yashi idan rani ya yi, kuma da ita nake ratsa shi, but cike da buhunan masara, iyali a baya, ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba. Wannan ne ya sa direbobin tasha suka riƙe wagon ɗinta mai layin kujeru uku, manoma da 'yan kasuwa kuma suka riƙe a-kori-kurarta. Corolla da tayoyin gaba take ja, ta fi kusa da ƙasa, kuma idan ta faɗa rami za ka ji shi har cikin ƙugunka. A kan kwalta mai kyau ba ta da laifi ko kaɗan, tana da sauƙin sarrafawa a cunkoson gari, amma idan na loda mata kaya na nufi ƙauye da damina, sai na riƙa lallaba ta a wuraren da Fijo ke wucewa ba tare da na rage gudu sosai ba.

A wajen gyara ne bambancin ya fi girma, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Riƙon Fijo kamar kiwon doki ne, kullum sai ka duba ta. Kowace safiya nakan buɗe bonet in leƙa ruwan lagireto, in zaro sandar baƙin mai in goge ta da tsumma in mayar in sake zarowa, in danna fanbel da yatsa in ji ko ya saki, sannan idan sanyin hunturu ya yi in ja cok, in bar inji ya ɗumama kafin in motsa. Ba ta ɓoye ciwonta. Idan ta fara tari a hanya, kusan kullum ɗayan uku ne: datti ya toshe kafireta, ko kwantak ya ci, ko filogi ya yi baƙi. Na sha tsayawa kusa da bakanike a gefen titi ina kallo ya kwance kan kafireta, ya zaro ɗan ƙaramin jet ɗin nan, ya wanke shi da fetur a cikin murfin gwangwani, ya sa baki ya hura, ya ɗaga shi sama ya ga haske ya ratsa ramin, sannan ya goge kwantak da ɗan guntun samfefa. Kafin shayin da aka dafa maka ya huce mota ta tashi. A wancan zamanin babu garin da za ka tsaya daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ko Maraɗi da Damagaram, ka rasa wanda ya san cikinta.

Corolla ba ta neman wannan hidimar. Injinta mai lita 1.8 da nozil yake shan mai, kwamfuta ce ke auna masa iska da fetur, kuma sarƙa ce ke riƙe da lokacin injin maimakon bel, saboda haka ba ka da fargabar tsinkewarsa. Wata da watanni za su wuce ban buɗe bonet ba sai ranar juyen baƙin mai. Sai dai ranar da fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, kunne da ido ba sa wadatarwa, sai an jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta karanto inda matsalar take. Bakaniken da ba shi da wannan na'ura canke zai yi ta yi, yana canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinka. Abubuwa biyu ne na ga suna kashe irin wannan inji a hannun mutanenmu: jabun baƙin mai, da cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da wasu ke yi da sunan wai ƙasarmu da zafi. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya riƙa juye a kan lokaci da mai na gaskiya, zai daɗe bai ga cikin injinsa ba.

Abin da nake tsoro a kan Fijonka shi ne, duniyar da ta dace da ita ta ja baya. Tsofaffin bakanikenta da yawa sun rasu ko sun ajiye sifana, yaran da suka koya a hannunsu kuma sun koma kan motocin Japan domin can kasuwa take. Za ka iya samun kayanta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, amma sai ka sha yawo, kuma da yawa cire-ciren tsofaffi ne ko kwaikwayo marar ƙwari. Kayan Corolla kuwa kusan kowane shago akwai su, sabo da na hannu. Gaskiya ne tsohuwar zuma da ita ake magani, amma mai zuwa aiki ƙarfe takwas ba zai iya jiran a nemo masa kayan gyara na kwana da kwanaki ba.

Sai maganar mai, wadda a zamaninmu ba ma sa ta a lissafi, domin da 'yan kwabbai ake sayar da lita. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ita ce ta zama gaba da komai. Fijo mai inji lita 2 da kafireta tana shan mai fiye da Corolla nesa ba kusa ba. A nawa lissafin, tafiya irin ta Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, Corolla takan yi ta da wajen kashi biyu cikin uku na abin da Fijo za ta sha, kuma a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, tazarar ta fi haka. Ga kuma batun iyali: Corolla tana da jakar iska ta kariya a gaba, da jiki da aka tsara ya shanye ƙarfin karo. Mutane suna yaba kaurin ƙarfen tsofaffin motoci, amma idan ƙarfe bai lanƙwashe ba, jikin fasinja ne ke karɓar bugun. Ga mai ɗaukar yara kullum, wannan kaɗai ya isa dalili.

Shawarata ita ce ka nemi Corolla domin hidimar yau da kullum, amma kada ka ɗora lissafinka a kan kuɗin Fijo, domin abin da za a taya ta a yanzu ba zai rage maka wani abin kirki daga farashin Corolla ba, kuma mai sayen ta a wannan hali galibi ɓaɓɓalla ta zai yi ya sayar da kayan. Wannan yana yi mini ciwo, domin na sayar da tawa a lokacin da hidimar karatun yara ta yi nauyi, kuma har yau idan na hango irinta a titi sai na bi ta da kallo. Idan akwai sauran magada, ku fara zama a yi mata kuɗi, ka biya kowa haƙƙinsa kafin ka taɓa ta. Bayan haka ka ɗora ta a kan bulo, a zubar da tsohon man da ke tankinta, kada kowa ya tayar da injinta sai an canza baƙin mai an duba lagireto da birki, sannan ka riƙa gyara ta sannu a hankali gwargwadon hali.

Idan kuma ka tashi sayen Corollar, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi tare da na'urarsa. Ku ɗaga kafet ku duba ko akwai tsatsa ko busasshiyar laka, domin wasu motocin da ake kawowa daga Amurka ambaliya ce ta ci su ko haɗari suka yi aka gyara. Ku gwada giya tana sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Lambar shasi kuma ta yi daidai da wadda ke cikin takardar kwastam, musamman da yake a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motar da takardarta ba ta cika ba za a iya karɓe ta a hannunka a kowane shingen bincike.