Lasisin fatsa a Montana: kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Jama'a da yawa cikin 'yan uwanmu da ke zaune nan Amurka suna tambayata batun fatsar nan da ake yi da ƙwaron bogi, wato ƙugiyar da aka naɗe ta yi kama da ƙwaro, wace jiha tafi, kuma nawa ne lasisi, to bari in faɗi abinda na gani da idona tunda na yanki na Montana na yi amfani dashi. Amsar a gajarce, eh ya biya, kuma da za'a ce in sake yanka zan sake. Amma akwai bayani.

Ni a Niyok nake zaune, lasisin shekara na ɗan jiha dala 25 ne, baƙo kuma dala 50, kuma daga ranar da ka saya yake fara ƙirga maka shekara cif. Da wannan dala 25 ɗin nake zuwa tsaunukan Catskills, kogin Beaverkill da Willowemoc wajen garin Roscoe, tafiyar awa biyu da wani abu daga birni. Ruwa ne mai tarihi, turawan ma nan suke cewa wannan sana'a ta kafu a ƙasar, kuma in dai sauƙin kuɗi kake nema ba sai kaje ko'ina ba. Matsalarsa cinkoso. Ranar Asabar zakaga mutum na tsaye kusa da mutum, kifin kuma ya ga ƙugiya har ya gaji, ya fika wayo.

Montana kuwa ba takarda ɗaya bace, abu uku ne sai ka haɗa su kafin ka jefa igiya a ruwa. Akwai lasisin kare muhalli dala 10 ga baƙo, akwai na kamun kifin kansa, sannan akwai wani ɗan fas na dala 7.50 da suka shigo dashi a 2017 saboda yaƙi da wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da ke maƙalewa jikin jirgi ko takalmi su yaɗu daga tafki zuwa tafki. Na kamun kifin, kwana ɗaya dala 14, kwana biyar a jere dala 56, na shekara dala 100. Ni na shekarar na yanka, duka-duka ya tashi dala 117.50, don lissafin a fili yake, in har zaka yanki na kwana biyar sau biyu ka riga ka wuce kuɗin shekara. Ɗan jiha shi kuma komai da komai dala 31 yake biya, kaga ashe baƙi ne ke ɗaukar nauyin. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba ruwansa da lasisi. Sai dai a lura, shekararsu daga 1 ga Maris take farawa ta ƙare ƙarshen Fabrairu, ko a watan Satumba ka saya ranar ɗaya zai mutu da na wanda ya saya tun Maris. Wannan farashin da na tarar ne, suna ɗan taɓa shi lokaci-lokaci, a duba kafin a tafi.

A intanet na saya, bai ɗau lokaci ba, ya shigo min a waya. Shawarata ka ɗauki hotonsa ka ajiye a wayar ko ka buga a takarda, don da zarar ka gangara kwarin kogi sabis ɗauke wa yake, kuma jami'an suna zagawa suna tambaya, cikin mutunci dai amma suna tambaya.

Yanzu abinda yasa nace ya biya. Ba yawan kifi bane kawai, doka ce. Tun 1985 Montana ke da dokar da ta bawa kowa damar shiga kogi ya yi tafiya a cikinsa da gefensa har zuwa iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ko da kuwa gonar wani attajiri kogin ya ratsa. Sharaɗin kawai kada ka taka gonar mutum wajen shiga, ka shiga ta gada ko ta mashigar da gwamnati ta ware, waɗanda kuma suna nan birjik. In ka shiga ta nan shikenan, ka yi ta tafiya a ruwa har ƙafarka ta gaji ba mai ce maka kanzil. Wanda bai je Kolorado ko Wayomin ba bazai gane girman wannan ba. A can mai gona shi ke da ƙasan kogin, a Wayomin zaka iya wucewa a kwale-kwale amma in ka sauko ka taka ƙasa ko ka jefa anga to ka shiga gonar mutum ba izini, Kolorado ma abin yafi haka tsauri. Kuma lasisin baƙo na shekara a jihohin nan shima sama da dala 100 ne in ka haɗa da ɗan hatimin da ake ƙarawa. Kenan kuɗi kusan ɗaya, amma ruwan da kuɗin ya buɗe maka ba ɗaya ba. Ba wai ina kushe su bane, South Platte da Gunnison a Kolorado da North Platte a Wayomin ruwa ne na gani na faɗa, Aidaho ma ga Henry's Fork da Silver Creek, amma ga mai tafiya a ƙafa wanda bashi da kuɗin haya jirgi kullum, Montana ce gaba a wajena.

Abu na biyu, kifin kogunan nan ba na kiwo bane. Tun 1974 suka daina zuba kifin gona a koguna bayan wani bincike da aka yi a kogin Madison ya nuna zubawar ma rage kifin asali take yi. Saboda haka duk tirawut ɗin (sunan irin kifin da ake nema a kogunan kenan) da ya ɗauki ƙugiyarka a ruwan aka haife shi, kuma wallahi zakaji bambancin a hannunka, ja yake kamar ba gobe.

Ga wanda bai taɓa yi ba, wannan fatsar ba tana ake sawa ba. Ƙugiya ce ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu da na dabba, wani lokaci da soso, har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci a wannan lokacin. Ƙwaron bashi da nauyi ko kaɗan, nauyin a igiyar yake, shiyasa zakaga mutum na ta kaɗa sanda gaba da baya kafin ya saki. A Madison ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli wasu manyan ƙwari ke fitowa kifi ya haukace, a Agusta kuma fara ce, sai ka jefa farar soso kusa da ciyawar bakin ruwa ka jira. Ranar da na fara ganin kifi ya taso ya kafce farar bogi a saman ruwa sai da na yi kabbara, jagoran ya juyo yana kallona.

Batun jagora, nan ne kuɗin yake, lasisi wasa ne. Na ɗauki jagora da kwale-kwalensa daga wani shago a yankin Ennis, yini ɗaya sama da dala 600, mutum biyu ke shiga saboda haka muka raba ni da abokin tafiyata. Mutumin ya san aikinsa, ba ƙarya, yana tuƙi yana ce maka jefa bayan dutsen can, ɗaga sanda, saki, kuma ya koya min yadda ake gyara igiya a kan ruwa don kada ta ja ƙwaron. Abinda bai min daɗi ba guda biyu ne. Na farko shagon basu faɗa mana cewa akwai tukuici da ake sa ran ka bayar a ƙarshe ba, wanda kuma ba ƙaramin kuɗi bane, sai da muka sauka muka ga kowa na miƙawa. Na biyu abincin rana, mun faɗa musu tun a waya cewa bama cin alade, suka ce ba damuwa, aka buɗe kula a bakin ruwa sai ga burodi da naman alade a ciki. Jagoran ya ji kunya sosai ya bamu tuffa da cincin ɗin dankali da ke jakarsa, da su muka wuni. Duk musulmin da zai je ya riƙe guzurinsa kawai, ya huta.

Sai maganar da nasan zata bawa mutanen gida dariya, kifin in ka kama sakinsa ake yi. Ka jiƙa hannu, ka zare ƙugiya, ka ɗau hoto da sauri, ka mayar. In ka gaya wa masuncin Yawuri cewa ka biya dala ɗari da wani abu ka kama kifi ka mayar ruwa cewa zai yi a kaika a duba ka. Doka bata hana ɗauka a ko'ina ba, akwai wuraren da aka yarda ka tafi da 'yan kaɗan, akwai inda aka hana sam, duk yana cikin ɗan littafin dokoki da suke bayarwa kyauta a shagunan kayan fatsa, kuma kowane kogi da nasa. Amma jagorori kusan duk saki suke yi, kifin ne hanyar cin abincinsu ai.

Wani abu da ya kamata mai zuwa da rani ya sani, in ruwa ya yi zafi ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere, sukan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare a wannan kogin, don tirawut kifin sanyi ne, in ka wahalar dashi a ruwan ɗumi ko ka sake shi mutuwa yake. Ni ban ga laifin wannan ba, kawai ka tashi da asuba bayan sallah ka shiga ruwa. Watan Mayu zuwa cikin Yuni kuma ƙanƙarar tsaunuka na narkewa, koguna su cika su yi jajir, lokacin sai dai ka nufi ruwan da ke fitowa ƙarƙashin dam, kamar kogin Misuri wajen ƙauyen Craig ko kogin Bighorn wajen Fort Smith, su basa gurɓacewa sosai.

Kuma kada wani ya ɗauka lasisin Montana zai yi masa aiki a cikin gandun dajin Yellowstone don yaga kusa ne. Can takardarsu daban, kwana uku dala 40, kwana bakwai dala 55, na lokacin fatsa gaba ɗaya dala 75, ƙugiya dole mara ƙaya, ba'a sa dalma, kuma takalmi mai ƙasan tsumma an hana shi tun 2018. In zaka ari wandon roba da takalmi a shago ka faɗa musu gandun zaka shiga su baka mai ƙasan roba.