Na tafi neman LASIK, na dawo da PRK

Shekara 19 na yi ina sanya tabarau saboda ba na ganin nesa, har lambar ta kai -5.00 a idon dama da -5.25 a na hagu, ta yadda idan na cire shi ba na shaida mutumin da ke zaune a ɗaya gefen falo sai ya yi magana. Bara na yanke shawarar yin aikin leza, wato gyaran gani da wani haske mai ƙarfi, a wani asibitin ido da ke Alkahira, kuma da niyyar LASIK na tafi, domin shi ne sunan da ya fi yawo a bakin mutane, shi ne kuma aka ce mini washegarin aikin mutum yake tashi yana gani tar.

Duk aikin a kan koniya ake yin sa, wato fallen nan mai garai-garai da ke gaban ƙwayar ido, wanda ake rage masa tudu domin haske ya riƙa sauka daidai a bayan ido. A LASIK ana yanka siririn falle a samansa, a ɗaga shi kamar murfi, a zaftare naman da ke ƙasa da leza, sannan a mayar da murfin. A PRK, wanda ya girme shi kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1995, ba a yanka murfi, sai dai a kankare fatar sama a yi aikin a fili, a bar ta ta sake tsirowa da kanta. SMILE shi ne ɗan auta, a 2016 hukumar ta amince da shi, kuma a nan leza ce ke yanka ɗan faifai a cikin naman, likita ya zaro shi ta wata kafa da ba ta wuce milimita 4 ba. Shi ya fi tsada a cikin ukun.

Awon da aka yi mini ne ya rushe shirin da na zo da shi. Kaurin koniyar yawancin mutane yana kusa da maikiron 540 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), nawa kuwa 480 aka samu. Likitan ya jawo takarda ya yi lissafin a gabana, wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a Azhar yana yi mana tafinta: murfin LASIK zai ɗauki kimanin 110, gyaran lambata zai cinye kimanin 75, abin da zai rage a ƙasa bai kai 300 ba, shi kuwa ba ya son barin ido a ƙasa da haka, domin koniyar da aka raunana tana iya turowa gaba bayan shekaru, gani ya lalace fiye da yadda yake da. Na tambayi SMILE, ya ce a irin lambata yakan ci nama fiye da LASIK, saboda haka ba zai fisshe ni ba. Raina bai so ba, amma na yaba masa da bai tura ni ga mai tsadar ba alhali da kuɗin a hannuna.

Aikin kansa bai kai minti 15 ba. An ɗiga mini maganin kashe zafi, aka sa wani ƙarfe ya riƙe fatar ido, aka ce in kafa wa wani ɗan haske ido kada in kauce. Ban ji ciwo ba, sai ƙauri irin na gashin da ya taɓa wuta. Daga nan aka manna mini siririn gilashi mai laushi a kan ƙwayar idon a madadin bandeji.

Wahalar daga dare ta fara. Kwana uku na yi a ɗakin masauki da labule a sake, hawaye na zuba ba tsayawa, ina ji kamar an watsa mini yashi da barkono, ko hasken waya ba na iya kallo. A nan nake da ƙorafi a kan asibitin, domin “ɗan rashin jin daɗi” kawai suka ce mini zan ji, kuma da ba ƙanena ya rako ni ba, ban san wanda zai riƙa karanta mini sunayen magungunan ɗigawa yana lura da lokutansu ba. A rana ta biyar aka cire gilashin, zafin ya tafi, amma rubutu ya ci gaba da yi mini biyu-biyu har kusan wata guda, abin da ya sa na koma aiki ina ƙara girman haruffa a kwamfuta. Sai a wata na uku na karanta layin ƙasa na allon gwaji ba tare da tabarau ba.

Kuskuren da na yi da kaina shi ne lokacin da na zaɓa. Na dawo gida ana tsakiyar hunturu, ƙura da busasshiyar iska suka haɗu da idon da aikin leza ya riga ya rage masa danshi, na riƙa ɗiga hawayen kwalba kusan kowace sa'a, ina kuma fita da baƙin tabarau kamar yadda aka umarce ni, domin hasken rana mai ƙarfi yana iya jawo hazo a koniyar wanda aka yi wa PRK. Da zan sake, da damina zan yi.

Yanzu shekara guda ke nan, ina tuƙi da dare, ko da yake fitilun motoci suna ɗan yi mini zobe. Ban yi nadama ba, kuma hankalina a kwance yake da cewa babu murfin da wani bugu zai iya gusarwa a idona. Wanda koniyarsa ke da kauri, kuma ba zai iya barin aiki na mako biyu ba, ina ganin LASIK ko SMILE zai fi masa sauƙi. Likitan ya gaya mini tun kafin aikin cewa idan na haura shekara 40 zan nemi tabarau na karatu kamar kowa, ni kuwa yanzu ina da 34.