Wata takwas da Hanna HI772 a kan tankin murjanina

Tun da na fara sa hoton tankina mutane ke ta tambayata wai wace 'yar na'ura ce kullum take ajiye a gefen gilashi kamar ƙwan agwagwa, to ita ce Hanna Checker HI772, ta auna alkaliniti a ruwan gishiri, wato yawan sinadarin kabonet da murjani ke gina ƙashinsa da shi, kuma yau wata takwas kenan ina amfani da ita don haka ina ganin na isa in yi magana a kanta.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, murjanin da nake kiwo ba irin jan nan na wuya da iyayenmu mata ke sawa ba ne. Wannan mai rai ne, dabba ce ma ba shuka ba, yana yin rassa kamar ƙahon barewa, su Acropora da Stylophora da Seriatopora da Montipora mai 'yan yatsu. Ƙashinsa na dutse ne, kuma daga cikin ruwan yake zuƙo kalsiyam da kabonet yana gina shi dare da rana. To tanki ba teku ba ne, nawa lita 300 ne kacal a falo a Abuja, abin da suka zuƙe sai dai kai ka mayar da hannunka. A nan ne ake yin ta.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin na gane shi ne, kalsiyam ba shi ke fara nuna maka matsala ba. Yana da yawa a ruwan, wajen 420 a ma'aunin ppm, wato kashi 420 cikin miliyan, kuma duk lokacin da alkaliniti ya sauka da maki ɗaya na dKH, wato ma'aunin da ake auna shi da shi, shi kalsiyam kamar 7 kawai yake raguwa, wa zai lura da 7 a cikin 420? Amma alkaliniti gaba ɗayansa 7 ne zuwa 9 ake riƙewa, in ɗaya ya tafi ai an yi gagarumin rami. Shi ya sa duk mai kiwon masu rassan nan za ka ga ba abin da yake yawan aunawa kamarsa. Kuma Acropora ba ruwanta da ko 7.5 ka zaɓa ko 8.5, abin da ba ta yafewa shi ne yau sama gobe ƙasa.

Da can da na ɗigawa nake amfani, na Salifert, wanda za ka riƙa ɗiga magani da sirinji har ruwan ya sauya launi. Wallahi ba laifinsa, yana da kyau kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, matsalar idona ce. Da daddare nake samun lokaci, fitilar tankin ta mayar da falon gaba ɗaya shuɗi, sai in tsaya ina muhawara da kaina wai ya juya ne ko saura ɗigo ɗaya, wani lokaci har in kira uwargida ta duba min ta ce ita dai duk ɗaya take gani in ƙyale ta ta yi barci.

Ita Hanna lamba take ba ka, shi kenan. Cikin akwatinta akwai 'yan kwalabe biyu na gilashi, sirinji, maganin gwaji na sau 25, da batirin AAA guda ɗaya. Za ka zuba ruwan tanki mililita 10 daidai layi, ka sa a ciki ka danna ta ɗauki sifili, ka fito da shi ka ƙara mililita 1 na maganin, ka rufe ka juya kwalbar a hankali sau biyar ba jijjigawa ba, ka mayar ka sake dannawa. Kafin shayi ya huce ka gama. Tana auna daga 0 har 20 dKH, kuma ku kula akwai 'yar uwarta HI755 mai ba da lamba a ppm, aiki ɗaya suke yi sai dai in ita ka saya sai ka riƙa rabawa da 17.9 kafin ka fahimci me mutane ke faɗa, don kusan kowa da dKH yake magana.

Yanzu bari in faɗi inda na kwafsa, kuma ni ne na kwafsa ba na'urar ba. Wata na biyu da sayenta na dawo daga tafiya a gajiye na auna na ga 6.3, alhali a 8 na bar shi. Gabana ya faɗi. Maimakon in sake aunawa sai na ɗauko bekin soda, wanda da shi nake ɗaga alkaliniti, na narka na antaya, da safe na sake na ga ya haura 9 da rabi. Ashe kwalbar ce ban goge ba, hannuna da maiƙon suya, ga kuma 'yar kumfa a cikin sirinjin, ruwan lafiyarsa ƙalau tun farko. Bayan kwana uku kan rassan wata Acropora koriya da na fi ji da ita suka yi fari fat kamar an ƙona su da ashana, naman ya saɓule ya bar ƙashi tsirara, sannan abin ya fara gangarowa ƙasa. Sai da na sa filaya na karya rassan da suka rage da rai na manna su a kan dutse da gam, uku suka tsira cikin biyar. Ranar ko abincin dare ban ci ba, kar ku yi dariya, shekara guda na yi ina kallonta tana tsiro kaɗan-kaɗan.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka, in lamba ta ba ni mamaki sai na maimaita kafin in taɓa komai, kuma ko gyara zan yi ba na wuce rabin maki a rana. Kwalbar kuma ina riƙe ta ta murfi, in goge da ƙyallen goge tabarau, in sa ta fuska ɗaya kullum, in na gama in zubar nan take in ɗauraye da ruwan RO, wato tataccen ruwan da na'ura ta cire masa gishiri da datti, don in ka bar maganin ya kwana a ciki gilashin yana rinewa. Su kansu kamfanin sun rubuta cewa tana iya kaucewa da 0.3 dKH da kuma kashi 5 cikin ɗari na abin da ta nuna, saboda haka wanda zai ga 8.1 yau gobe 7.9 ya tashi hankalinsa shi ya so. Ni abin da nake bi shi ne inda lambar ta dosa cikin mako, ina da ɗan littafi ina rubutawa, kullum bayan isha'i saboda lokacin awon ma ya kamata ya zama ɗaya.

Wani abokina da ya ga ina auna soda a sikeli ya ce malam me ya hana ka jefa kanwa kawai tunda ga ta banza a kasuwa. Abin dariya shi ne bai yi nisa da gaskiya ba, kanwa dangin sinadarin ce, amma da ƙasa da tarkacen da ba ka san mene ne a ciki ba, ba zan gwada ta a kan abin da na saya da dala ba. Kuma don Allah bekin soda na ce, ba bekin foda na kek ba, shi wannan akwai wasu abubuwan a haɗe a ciki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kawai shi ne maganin. Gwaji 25 in kana yi kullum bai kai wata ba, kuma a nan ba za ka shiga shago ka ɗauka ba sai ka yi oda ko ka jira mai dawowa daga waje, ga canjin kuɗi yadda yake. Yanzu da tankin ya nutsu na koma sau uku a mako, ina kuma ajiye maganin a ɗaki mai sanyi nesa da taga saboda zafin Maris da Afrilu, na ɗigawan nan kuma ban yar ba, duk ƙarshen wata ina gwada su biyun in ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Kar kuma wani ya ɗauka ita ce komai. In an ɗauke wuta injin kaɗa ruwa ya tsaya na awanni, ko zafin ruwan ya bar 25 zuwa 26 ya doshi 30, murjanin zai kori 'yan algen, wato ƙananan halittu masu kama da gansakuka, da ke cikin namansa masu ba shi abinci da launi ya koma fari, a lokacin ko alkaliniti ɗinka ya zauna daram a 8 ba abin da zai hana. Ni inbata mai ba da wuta in an ɗauke da na'urar sanyaya ruwa na fara saya kafin ita, kuma in da za a sake haka zan sake jerawa. Mai kifi kawai ko murjani mai laushi marar ƙashi, ajiye kuɗinka, na ɗigawa ya ishe ka. Amma in ka fara shigo da masu rassa kuma idonka irin nawa ne, saye ta, ka haɗa da kwalbar magani biyu tun a odar farko.

Rassa ukun nan da suka tsira, ɗaya ya riga ya rufe gam ɗin da ke gindinsa ya fitar da 'yan kawuna biyu sabbi. Jiya na auna 8.0.