Sharhi kan bangon duwatsu da anka haɗa min da kwamfuta don situdiyona

Jama'a masu sana'ar hoto da ke ta tambayata ina na samo sabon bangon nan mai duwatsu, to ba hoton wani wuri ba ne, babu dutsen nan ko'ina a duniya, wani matashi ne nan cikin Sakkwato ya ƙera shi da kwamfuta. Na ce bari in rubuta yadda aikin ya kasance tun daga farko don wanda zai bayar da irin wanga aiki ya san abin da zai duba kafin ya biya cikon kuɗi.

Yaron da Blender yake aiki, manhajar nan ta kyauta da wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ya fara, tun 2002 anka sake ta kowa ya ɗauka ba ko kwabo. Kenan abin da kake biya lokacinshi ne da idonshi da wutar da laftof ɗinshi ta sha, kuma wallahi tana sha, don injin da ke fitar da hoton, Cycles sunanshi, bin hasken yake ɗaya bayan ɗaya yana lissafin inda ya daka da inda ya koma, ga zafin garin nan, sai ka ji fankar laftof ɗin tana kuka tun daga bakin ƙofa.

Hoton farko da ya turo ta WhatsApp, a waya ya yi kyau ƙwarai. Da na buɗe shi a babban sikirin sai matsaloli sunka fara fitowa.

Na farko rana. Babbar fitilata ta situdiyo hagu take, kullum nan take don can ne soket kuma can ne fili, shi kuma ya aje ranarshi dama. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san abin da zai faru, amarya za ta tsaya haske na dukan kuncinta ta hagu, dutsen bayanta kuma inuwarshi ta faɗi hagu, ko wanda bai san komai ba game da hoto zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne. Na ce mishi ƙanena juya ranar nan, kuma ka sauko da ita ƙasa kamar bayan la'asar, don ranar tsaka ba ta fitar da jikin dutse, shafe shi take yi. Wannan bai ɗauke shi komai ba, lamba biyu ya canza.

Na biyu shi ne wanda munka fi daɗewa a kai, su kansu duwatsun. Tsini ne ko'ina, kowane da ɗan uwanshi kusan tsayi guda, kamar an cukuikuye takardar siminti an shimfiɗa. Na tambaye shi me ya sa haka, ya ce Yaya ai lissafi ne ke yin su, wani tsari ne da wani Ba'amurke Ken Perlin ya fito da shi a shekarun 1980, yana ba kowane wuri tsayi na kan-mai-uwa-da-wabi amma a hankali yadda ba za a ga tsalle ba, sai a ɗora ƙanana kan manya har ya yi kama da tudu da kwari. To nan matsalar take. Lissafin bai san ruwa ba. Dutse na gaskiya ruwan sama ne ya sassaƙa shi shekara da shekaru, duk wanda ya ga yadda damina guda ke yanka gefen hanya a ƙauyukanmu ya san ruwa ba ya tafiya sai ya bar sawu, ƙananan magudanai su haɗu su zama babba, babba ya zama kwazazzabo, abin da ya kwaso daga sama kuma ya zube shi gindi. A hoton yaron babu magudana ko ɗaya, akwai ma ramuka tsakanin tsaunuka da in da gaske ne da tuni sun zama tafki don ruwan ba shi da mafita. Da na nuna mishi ya gane nan take, ya koma ya bi da ƙasar ta wani mataki da ke kwaikwayon zaizayar ruwa, ya kuma zuba tarin tsakuwa da manyan duwatsu a gindin kowane gangare. Bambancin da wanga gyara ɗaya ya kawo ya fi duk sauran in an haɗa.

Ya kuma sa ƙanƙara fara fat a kan tsaunukan, har a bangon da ke tsaye cak inda ko ƙasa ba ta iya zama balle ƙanƙara. Ni dai na ce a cire ta gaba ɗaya. Masu zuwa wurina ango ne da babbar riga, yara da kayan sallah, 'yan makaranta masu saukar karatu, ƙanƙarar Turai ba ta da abin da ta haɗa da su. Na ce ya duba hotunan Kwatarkwashi can wajen Gusau, irin dutsen da ke da santsi da kai a dunƙule, da baƙin zane-zane da ruwa ya bari a jikinshi daga sama har ƙasa, shi za a sa gaba. Can baya kuma a yi jerin tsaunuka irin na Mambila da Gashaka a Taraba, inda Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419. Abin da ya burge ni, ashe akwai ma'aunin tudu da kwarin kusan duk duniya da jirgin sama jannatin Amurka Endeavour ya auno da na'urar rada a watan Fabrairu na 2000, kuma kyauta ake saukewa, kowane ɗigo kusan mita 30 a ƙasa. Ya sauko da wani yanki na wajen ya yi jerin baya da shi. Don abin da ke nesa ya wadatar, amma na kusa dole sai da hannu don mita 30 ya yi girma, gida guda sai ya ɓace cikin ɗigo ɗaya.

Sai maganar nisa, kuma nan ne nake ganin mu 'yan Sakkwato bai kamata wani ya koya muna ba. A hoton farko dutsen da ke can ƙarshe da wanda ke gabanka kalarsu guda, kaifinsu guda, shi ya sa duk abin ya taru ya manne wuri ɗaya ba zurfi. Alhali iska ba fanko ba ce, duk abin da ya yi nisa sai ya kode, baƙinshi ya ragu, ya ja zuwa shuɗi-shuɗi in sama ta wanke bayan ruwa, ko kuma ya yi fari-fari ruwan ƙasa in lokacin hunturu ne. Mu da ke ganin watan Janairu yadda hazo ke cinye ƙarshen titi, bishiyar kusa baƙa, ta bayanta toka-toka, ta bayan wannan da ƙyar ka ga alamarta. Na ce mishi haka nake so, hawa-hawa. Ya zuba hazon, amma karon farko ya yi yawa har dutsen gaba ya dushe, kuma ya yi shi kauri guda daga ƙasa har sama. Munka rage, munka bar shi ya fi kauri cikin kwari ya sirance a kan tsauni. Yanzu in ka tsaya gabanshi sai ka ƙirga jeri huɗu kowane ya fi na gabanshi haske.

Itatuwa ma sai da anka taɓa. Itace guda ya kwafa ya watsa ko'ina, tsayi guda, karkata guda, kuma sun yi girma da yawa har sun mayar da tsaunin ɗan tudu, don ido da itace yake auna girman dutse. Ya rage su ya bambanta su, ya tara su bakin magudanai inda danshi yake, ya bar kan dutse ƙwal. Ya so ya sa gawo da ganye shar a cikin koren ciyawa na ce a'a, gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa, duk manomin da ya shigo ɗaukar fasfo zai gani. Munka sa kuka biyu da giginya can gefe.

Wurin bugawa kuma ku kula da kyau. Fayil ɗin farko ɗigo 1920 ne a faɗi, bangona kuma ƙafa 10 ne, wato inci 120, in ka raba ɗigo 16 ke faɗawa kowane inci, wanda in anka buga sai ka ga murabba'i-murabba'i da idonka. Munka tsaya kan 7200, ɗigo 60 kenan a inci, ya isa tunda bango baya yake kuma lens na ɗan narkar da shi. Sai dai fitar da wanga girma ya ci lokaci sosai, ga ɗauke wuta, sai da ya raba aikin gida-gida ya haɗe daga baya. Kuma ku sa a buga muku ɗan yanki gwaji tukuna, don shuɗin sama da ke sikirin ba shi ke fitowa a injin buga hoto kan leda ba, namu ya fito da duhu sai da anka buɗe shi. Ku nemi leda marar ƙyalli, mai ƙyallin tana maido da filasha.

Game da shi yaron, hannunshi na da kyau kuma ba ya fushi da gyara, wanda a wurina ya fi komai, ko sau ɗaya bai ce min ai haka kwamfuta ta bayar ba. Inda yake da rauni shi ne yana saurin turo aiki kafin shi kanshi ya zauna ya dube shi da kyau, kuma ya fi kallon hotunan wasu masu Blender a intanet bisa kallon ƙasa ta gaske. Na faɗa mishi haka gaba da gaba, na ce in ya samu hali ya hau mota zuwa Gusau da kyamara ko ta waya ce ya wuni gindin dutse. Ku yi yarjejeniya da shi tun farko kan gyara nawa ke cikin kuɗin, ku kuma tura mishi hoton situdiyonku da inda fitila take da tsayin da kuke aje kyamara, don layin da sama ta haɗu da ƙasa ya dace da idon lens.

Abu guda ya rage da har yanzu bai yi min ba, ciyawar kusurwar ƙasa ta dama tana maimaita kanta, in ka lura sai ka ga tsari guda ya jeru sau da yawa. A hoton rabin jiki ba ta fitowa, amma in iyali sunka taru ana ɗaukar su tsaye har ƙafa tana nan. Ya ce zai warwatsa ta ya sa faƙo da 'yan duwatsu tsakani, za mu sake buga ƙasan kafin babbar sallah in Allah ya kai mu.