Must da have to: inda suka haɗu da inda suka raba gari

Malama, kin ce kin rubuta "Yesterday I must go to the market" malami ya soke da jan biro, kina so a bambance miki must da have to tunda dukkansu "dole" suke nufi.

A zancen yanzu kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Littattafan nahawu kan ce must daga ran mai magana yake fitowa: "I must call my mother", ke kika ga ya wajaba. Shi kuwa have to wani ne ya ɗora miki: "I have to wear a uniform", dokar makaranta ce. Haka ne, amma masu harshen ma ba sa tsananta wa kansu a kan wannan, Amurkawa kuwa have to ya fi yawa a bakinsu. Kada ki ɓata dare a nan.

Wajen ƙira suka fara rabuwa. Must ba ya lanƙwasuwa: ba ya karɓar s ko da he ko she ne a gabansa, ba a sa masa to a baya, ba ya neman do a tambaya. "She must go", "Must she go?" Shi kenan. Have to kuwa aikatau ne kamar sauran: "She has to go", "Does she have to go?" Wanda ya rubuta "must to go" ya gauraya su ne.

Kuskurenki na lokaci ne. A Hausa "dole" ba ya motsi, jiya dole na je, gobe dole in je, shi ya sa hannu ke saurin kai must ko'ina. A Turanci must ba shi da sigar abin da ya wuce. Na jiya sai had to, na gobe sai will have to. Daidai shi ne "Yesterday I had to go to the market". Babu musted, babu will must.

Inda aka fi zamewa shi ne korewa. Mustn't hani ne, wato "kada". Don't have to sassauci ne, wato "ba sai kin yi ba". Likita ya ce "You mustn't take this tablet on an empty stomach", kada ki kuskura ki sha kafin ki ci abinci. In ya ce "You don't have to come tomorrow", zuwan da rashin zuwan duk naki ne. Masu tambayoyin WAEC da JAMB sun san wannan ramin sarai.

Sai must have. Wannan ba tilas ba ne sam, hasashe ne. Kin iso ɗaki, ga kwaɗo a ƙofa, takalmin mai ɗakin ba ya nan: "He must have gone out", lallai ya fita. Siga ta uku ta aikatau (go, went, gone) ce ke biyo shi, gone, ba went ba. Kishiyarsa can't have: "He can't have gone far", ai babur ɗinsa na nan.

Ga atisaye: ɗauki jimloli 5 daga harkar gidanki, ki juya kowace zuwa yau, jiya, gobe, hani da sassauci. Jimloli 25 ke nan. Ki karanta su da murya, duk inda yesterday ko last week ya bayyana ki duba ko had to kika sa.