Turbo ko EGR? Kar ka sayi komai sai an kwance EGR ɗin nan

Alhaji sannu da fama. Kace motarka Toyota Hilux Vigo mai injin gas 1KD tana baƙin hayaki, ba ta jan tudu, wutar cek tana kamawa, bakanike ɗaya yace a sauya turbo (mai cusa wa inji ƙarin iska) ɗayan yace a wanke EGR (bawul ɗin da ke mayar da wani hayaki cikin inji). Toh ni dai amsata a wanke EGR, kuma ba a littafi na karanto ba, aljihuna ne ya koya min.

Tawa 2012 ce, ita ma 1KD mai lita 3.0, da ita nake ɗauko doya daga Lafiya zuwa Jos. Ranar da abin ya fara ina tsakiyar Hawan Kibo da lodi, na taka totur har ƙasa mota tace bata san zancen ba, hayaki a madubi kamar an ƙona taya, tirela ma sai da ta wuce ni wlh. Na samu gefe na kashe na sake kunnawa, sai ta dawo garau na ɗan lokaci sannan ta sake mutuwar jiki. Wannan kwamfutar motar ce ke rage mata ƙarfi da gangan idan taga lissafin iska bai yi daidai ba, don kar inji ya lalace. Wanda na fara kaiwa ko bonet bai gama ɗagawa ba yace turbo ne oga. Na yarda, na sayi wai ɗan Baljiyam, aka ɗaura, ko sati biyu ba a yi ba ta koma gidan jiya. Kuɗin nan har yau idan na tuna sai naji wani abu ya tokare min ƙirji.

Wani dattijo ne mai gyaran motocin gas ya cece ni, mutum ne marar yawan magana, ya saurari silo ɗinta ya ɗan taka totur sau biyu, yace yaro ɗauko sifana. Da aka kwance bawul ɗin EGR da maƙogwaron da ke shiga manifol (bututun da ke raba wa inji iska) sai da na riƙe baki, ramin da ya kamata yatsu uku su shiga da ƙyar ɗaya ke wucewa, baƙin abu ya daskare kamar kwalta, da cokali suka rinƙa kwasowa. Baba ya zaunar da ni yana min bayani yana shan shayinsa. Aikin EGR shine ya dawo da wani ɓangare na hayakin salansa cikin inji don ya rage zafin ƙuna, saboda gurɓata iska. Shi hayakin gas toka ne da shi, sannan ga tururin baƙin mai da ke fitowa ta tiyon numfashin inji yana bi ta hanya ɗaya, idan suka haɗu sai su zama wannan ƙullun. Idan bawul ya maƙale a buɗe inji na shaƙar hayaki a maimakon iska mai kyau, gas baya ƙonewa duka, shine baƙin hayakin da kake gani da kasalar tashi. Yini ɗaya suka yi, aka jiƙa aka kankare aka busar aka sa sabon gaskit, abin da na biya ko kusa da kuɗin turbo bai kai ba. Washegari na hau Hawan Kibo da lodi ina murmushi ni kaɗai kamar sabon ango.

Yanzu ga yadda zaka bambance su da kanka kafin kowa ya taɓa maka aljihu.

Na EGR baƙi ne hayakinsa, yafi yawa lokacin tashi ko idan kana ƙaramin gudu, silo yana rawa, gas yana ƙarewa da wuri, amma baƙin mai baya raguwa. Na turbo da ya mutu da gaske hayakin yana yin shuɗi-shuɗi ko toka-toka yana warin ƙonannen mai, kullum kana ƙara baƙin mai, kuma zaka ji kuka kamar jiniya idan ka taka, ba ɗan fito na lafiya da muka saba ji ba. Kai dai ka duba sandar awon mai kwana uku a jere, ita kaɗai zata faɗa maka rabin labarin. Idan kuma farin hayaki ne ruwan lagireto yana raguwa ba tare da kaga yoyo ba, a duba kular EGR mai sanyaya hayakin da ruwan lagireto, tana iya fashewa ta ciki, duk da gaskit ɗin kan inji ma yana yin haka.

Gwajin turbo kuwa baya buƙatar ko sisi. Mota a kashe ta huce, a cire tiyon da ya taso daga filtar iska, zaka ga fankar turbon, ka kama tsakiyarta da yatsa ka girgiza. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi bane tunda a kan mai take yawo, amma idan tana shiga tana fita, ko fukafukan suna gogar bango ko sun gutsure, toh wannan ta tafi sai haƙuri. Kuma kar wani ya nuna maka ɗan danshin mai a tiyon intakula (mai sanyaya iskar da turbo ya tura) yace kaga turbo ya mutu, kusan duk motar gas da ta kwana biyu zaka samu wannan. Wanda ake tsoro shine mai ya taru yana zuba idan an cire tiyo.

Akwai ƙananan abubuwa da ke yin kama da matsalar turbo su yaudari mutum. Tiyon intakula da ya tsage ko kilif ya saki, zaka ji fuuu idan ka taka kuma wurin zai yi jiƙe da mai, shi ma baƙin hayaki yake kawowa. Sai sensar matsin iska da ke manne da manifol, tana da siririn tiyo da ɗan filta, toka na toshe su sai ta rinƙa yiwa kwamfuta ƙarya. Filtar iska ma, da ƙurar hunturun nan, wasu sai su shekara suna bugawa da iska kawai. Filtar gas kuma kaga irin gas ɗin da muke sha a bakin hanya, Allah dai ya kyauta. Sannan 1KD turbonta mai fukafukai masu motsi ne a ɓangaren salansa, wata ƙaramar motar lantarki ce ke juya su, toka na iya riƙe su ko ita motar lantarkin ta samu matsala alhali turbon kansa lafiya lau.

Don haka a sa wa motarka kwamfutar gwaji, amma ka tsaya a wurin ka rubuta lambar matsalar da ta nuna da idonka. P0400 ko P0401 hanyar EGR suke nunawa. P0299 matsin iska ne bai kai ba, P0234 ya wuce, P1251 kuma ɓangaren wannan motar lantarkin ne. Kaga P0299 bata ce turbo ya mutu ba, cewa tayi iska bata isa ba, fasasshen tiyo ma zai kawo ta. Kace mai kwamfutar ya nuna maka karatun sensar matsin iskar da makulli a kunne inji a kashe, ya kamata ya zama daidai da iskar waje, wajen 95 zuwa 100 kPa a yawancin garuruwa, mu nan Jos yana sauka ƙasa da 90 saboda tudu. Mai kwamfutar da goge lamba kawai ya iya ya karɓi kuɗi, ka canza shi.

Shi sauya turbo, eh, idan gwajin yatsa ya nuna ya mutu ba yadda zaka yi. Iyakar abin da zan ce kenan a kansa. Sai dai a binciko abin da ya kashe shi, don abu ne mai juyawa sama da sau 100,000 a minti kuma rashin mai ne ajalinsa. A 1KD an san matsalar washar ƙarƙashin nozul mai fesa gas, idan tana yoyo toka na gangarawa cikin baƙin mai ta toshe rariyar da ke kaskon ƙasan inji, ka ɗaura sabo ma zai bi na farko. A duba rariyar, a wanke ko a sauya bututun da ke kai masa mai, a wanke intakula, a juye mai da filta.

Baka tambaya ba amma bari in faɗa maka halin wasu masu sifiya, ba duka ba. Zasu ɗauko mataccen turbo su wanke da fetur su goge har yana ƙyalli suce yanzu aka sauke daga kwantena. Wasu kwanson na asali ne amma cikin an cusa mai arha, wasu kuma su canza motar lantarkin da wadda bata dace ba. Ka tafi da naka bakaniken, a yi sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce a rasit. Kuma duk abin da aka cire daga motarka ka sa a buhu ka tafi da shi gida. Nawa tsohon na bar musu, daga baya da na kwatanta wa Baba yadda yake yace da wuya in ba lafiyarsa ƙalau ba, ƙila yanzu haka yana cikin motar wani an sayar masa a matsayin Baljiyam.

Za kuma a ce maka a toshe EGR da faranti a huta. Ni ban yi ba, a wasu motocin wutar cek take kawowa sai an taɓa kwamfuta, kuma ban son kowa ya yi min wasa da ita. Wankewa nake yi lokaci-lokaci, ina rage barinta a silo na dogon lokaci, kuma idan na sauka daga doguwar tafiya ina bata minti ɗaya ko biyu kafin in kashe.

Gobe ka kaita a cire EGR da manifol ɗin gaba ɗaya a wanke a ƙasa, kar ka yarda a kankare a jikin inji dattin ya faɗa ciki. A duba tiyoyi da sensar a lokaci ɗaya. Idan an sa kwamfuta turo min lambar da ta fito da hoton fankar mu gani.