Fanken Liyon, ba gyara ba bashi

Yaya, ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa, a gaishe mini da Inna da mutanen gida duka. Kin tambaye ni mi nike karyawa da shi a Liyon, nan Faransa. To, ranar Lahadi marmarin fanke ya kama ni, na shiga gidan burodi na nuna wanda ya fi kama da namu. Sunanshi beignet, su kan ce “benye”. Guda ɗaya yuro ɗaya da rabi. Yuro dala 131 ne a kuɗinmu na sefa, kin ga kusan jika kenan, kuɗin fanke 40 wajen mai tuyar bakin kasuwar Tawa. Sanyi ƙalau yake, an baɗe shi da sukari, cikinshi an ɗura cakulan. Tsabta kam sai wanda ya gani, da maɗauki ake ɗauka, hannu ba ya taɓawa. Amma na tsaya jiran gyara, matar ta dube ni ta kira na baya.

Wani tsoho da muke aiki tare ya fassara mini sunan. Asalinshi tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin kumburi, irin ƙulun da ke fitowa a goshi in an bugu, don ƙullun kumbura yake cikin mai. Har yau in Bafaranshe ya ce zai ba ka beigne, mari yake nufi, alhali mutanen Kebek ta Kanada abin tuyar suke kira haka. Mutanen Liyon kuma suna da nasu, bugnes, tushen ɗaya ne. Wajen watan Fabrairu ake yin su, kafin azumin Kirista, a kan sikeli ake sayarwa kamar nama. Wasu ƙas-ƙas suke, cincin dai aka shimfiɗa.

Na yi mishi fahariya na ce mu namu sunan na gida ne, sai wani ɗan Kano ya kunyata ni: fanke daga pancake ne na Ingilishi. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, ashe bakin Ingilishi muke ci kowace safiya.

Ƙosai kuwa sai dai in sayo wake a shagunan unguwar Giyotiyar in toya da kaina, maƙwabta suna ƙorafin ƙaurin mai. In an samu mai tahowa, ki aiko mini da yajin ƙuli irin na Inna, a ɗaure shi cikin leda biyu.